Sayen Mataccen Babur Don Kwance: Riba Ko Garari?

Duk wanda ya ratsa unguwar Nasarawo a cikin garin Gombe, ya ɗan dakata a bakin rumfar masu gyaran babur, da wuya ya rasa ganin wani tsohon babur a jingine a jikin bango, ba taya, ba sirdi, wani ma ba inji, ƙura ta rufe shi har ba a gane launinsa. Idan aka tambayi mai rumfar, sai ya ce na wane ne, ya saye shi don kwance, watau don a riƙa cire kayan jikinsa ana gyara masa wanda yake hawa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Amma tsadar da aka shiga tun daga 2023 ta sa har waɗanda a da ba sa kallon irin wannan ciniki, malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da 'yan acaɓa masu babur ɗaya tak, sun fara tambayar ko akwai mafita a cikinsa. Tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya, gama kuɗin da ake zubawa a ciki ba rarar kuɗi ba ne. Sau da yawa kwasar adashi ce, ko kuwa kuɗin buhunan wake da aka kai Tudun Hatsi.

Ba a zargin kowa don ya nemi sauƙi. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, dalar Amurka da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haye 1,500 a cikin 2024. Babur kuwa, da shi da galibin kayan da ke jikinsa, daga Indiya ko ƙasar Sin suke fitowa, ko da a nan ƙasar aka haɗa su, saboda haka duk sa'ad da dala ta yi tsalle sai farashinsu ya bi ta. Sabon Boxer ya haye naira miliyan ɗaya a 2024, alhali a 2020 bai kai rabin haka ba, mafi ƙarancin albashi kuwa da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Mutumin da ke cikin wannan hali, idan dillali ya jawo shi gefe ya ce, “Maigida, ga wani irin naka ya kwanta, mai shi yana da lalura, kayan jikinsa kaɗai za su ishe ka shekara biyu ba ka leƙa shago ba,” tilas zuciyarsa ta motsa.

To, amma ga mai babur ɗaya, wannan ciniki ya fi kusa da hasara bisa ga riba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne.

Babura iri ɗaya ciwonsu ɗaya ne. Kamfanin da ya ƙera wanda ake hawa shi ya ƙera wanda ya kwanta, ƙarfe ɗaya, awo ɗaya, kuma hanya ɗaya suka sha. Abubuwan da ke kai mai babur wurin bakanike a kai a kai sanannu ne: sarƙa da haƙoranta na gaba da baya, waɗanda makanikai ke kira siforoket, da fatar birki, da faifan kuloci, da fistin da zobbansa, da boris na ƙafafu, da taya da tib, da filogi, da wayoyin birki da kuloci da totur. Kusan dukansu abubuwa ne masu gugar juna, aikinsu ke nan su yi ta cin juna har su ƙare. Garin Gombe kuwa gari ne mai yashi, ga kwaruruka da ruwa ya zaizaye, ga lunguna masu yawa da kwalta ba ta kai gare su ba. Yashin nan idan ya haɗu da man da ke jikin sarƙa sai ya koma tamkar dutsen wasa wuƙa, ƙurar kuma da ta kuɓuce wa matatar iska takan shiga har cikin bulok ta yi nata aikin. Ga kuma lodi, domin babur a wannan ƙasa ba abin hawan mutum ɗaya ba ne. Shi ke ɗauko buhun masara daga ƙauyukan Akko da Kwami, shi ke ɗauko kayan lambu daga Daɗin Kowa, shi ke kai yara uku makaranta a tafiya ɗaya. Babur ɗin da ya yi shekaru yana wannan bauta har mai shi ya gaji ya jingine shi, ta yaya za a sa rai sarƙarsa ko fistinsa sun fi na wanda har yanzu yake tafiya da ƙafarsa? Abin da ya cinye a wannan ya riga ya cinye a wancan, watakila ma fiye, tun da shi ne ya fara kwanciya.

Har ila yau akwai abin da makanikai suka sani, amma ba kowane ba ne yake faɗa wa mai babur. Kayan da suka goge tare sukan saba da juna. Tsohuwar sarƙa ta riga ta miƙe daidai da haƙoran da ta ci, idan aka ɗora ta a kan wasu haƙoran sai ta yi ta tsalle, ta lalata su ita ma ta ƙarasa lalacewa. Tsohon fistin ya riga ya zauna daidai da ramin bulok ɗin da ya tashi a ciki, idan aka kai shi wani ramin sai hayaƙi da shan baƙin mai. Saboda haka ko da an ciro abin an ga da ɗan sauran rai a jikinsa, ba lalle ne ran nan ya bi shi zuwa sabon gida ba.

Me ya rage ke nan mai kyau a jikin mataccen babur? Gangar jikinsa, da tanki, da kwanon inji, da cibiyar ƙafafu, da abin taka ƙafa, da kariya, da jiki na salansa idan tsatsa ba ta huda shi ba. Waɗannan kaya ne masu tsada idan za a saye su sababbi, kuma su ne dillali yake ƙirgawa da yatsu sa'ad da yake zuga mai saye. Abin da ba ya faɗa shi ne, mutum yakan yi shekara biyar yana hawan babur bai taɓa bukatar sabon tanki ko sabon kwanon inji ba. Watau an sayar masa da abin da ba ya nema a kan araha, abin da yake nema kuwa yana nan a shago yana jiransa da farashinsa.

Sa'an nan ga ɓarnar zama. Babur ba kamar ƙwarya ba ne da za a rataye a dawo bayan damina a same ta yadda aka bar ta. Fetur ɗin da ya kwana a kafireta yakan bushe ya bar ƙaro ya toshe ƙananan hanyoyinta. Tankin da aka bari ba mai yakan yi gumi ya yi tsatsa daga ciki, a waje kuwa fenti yana ƙyalli. Robobin da ke tare mai sukan ƙandare, taya ta tsattsage, batir ya mutu mutuwar da ba caji, ruwan sama kuma idan ya sami ƙofa ya shiga bulok sai fistin ya cije. Damina ɗaya a jikin bango ta isa ta cinye rabin abin da aka yi cinikin dominsa.

Tambaya ta farko da ya kamata mai saye ya yi ita ce, me ya kwantar da wannan babur? Ba wanda ke jingine babur mai lafiya a wannan zamani. Idan inji ne ya buga saboda rashin baƙin mai, to, ba abu ɗaya ne ya tafi ba, domin duk inda mai yake zagayawa wuta ta taɓa shi, daga karanshaf da kwanrod har zuwa can saman inji inda bawul suke. Idan haɗari ne, injin yana iya zama garau, amma shakazoba na gaba da wuyan sitiyari da ƙafar gaba, wani lokaci har da gangar jikin, sun karkace. Ana iya miƙe su da wuta da guduma har ido ya kasa ganewa, amma ƙarfen da aka lanƙwasa aka miƙe ba ya komawa ƙarfinsa na fari, kuma ranar da zai ba da amsa ba ya sallama. Wanda ya ɗaura irin wannan a gaban babur ɗin da yake ɗaukar iyalinsa a kai, bai yi tsimi ba, caca ya yi da wuyansu. Idan kuwa aka duba aka ga inji lafiya, jiki lafiya, farashi kuma ƙasa warwas, to, ciwon babur ɗin yana jikin takardunsa, wannan kuwa magana ce da za a zo kanta.

Kada kuma a manta, mai saye ba shi ne ya fara yi wa babur ɗin kallon nama ba. Kafin a kira dillali, mai shi ya riga ya cire abin da zai cire. Bakaniken da ya yi jinyarsa ya san wace kafireta ce ta asali, ya san koyil ɗin da ke ba da wuta sosai, ba wuya kuma a musanya su da waɗanda suka gaji a ɗaure kusoshi kamar ba a taɓa ba. Mai saye yakan iso ne bayan an gama rabon tsoka.

A ƙaddara, don misali kawai, an sayi irin wannan babur a kan naira 150,000. A ƙara la'adar dillali, a ƙara kuɗin ɗauko shi zuwa rumfa, a ƙara ladan bakaniken da zai kwance shi. A cikin shekarar farko me mai shi zai mora? Watakila wili ɗaya, da madubi, da fitilar baya, da 'yan kusoshi. Sauran kuɗin an binne su a jikin ƙarfe, ba su haihuwa, ba su jinya, alhali da suna hannu da sun sayi sabuwar sarƙa da haƙoranta da tayoyi da baƙin mai na watanni masu yawa. Idan kuma aka ɗaura tsohon abu ya yi mako uku ya saki, an biya ladan aiki sau biyu ke nan. Ga ɗan acaɓa abin ya fi haka ciwo, gama yinin da ya yi zaune a benci yana kallon bakanike yini ne da bai samu ko sisi ba, balas ɗin mai babur kuwa ba ya jiran uzuri. Ga kuma abin da kowa ya sani game da kayan da aka ajiye a rumfa: yau yaron shago ya ari noti ɗaya, gobe wani mai gaggawa ya zo an ce a ranta masa koyil zuwa jibi, kafin wata shida sai mai shi ya zo ya tarar da ƙashi. In ya kai gida kuwa, ga tsegumin uwargida a kan tarkacen da ya cika tsakar gida, ga masu jari-bola suna leƙe ta kan katanga.

Duk da haka masu goyon bayan kwance suna da hujja guda mai nauyi, kuma rashin adalci ne a tsallake ta. Sukan ce kayan da babur ya zo da su daga kamfani, ko sun tsufa, sun fi sababbin da ke cike da shaguna, domin kasuwa ta cika da jabu. Wannan gaskiya ne. Abu ɗaya sai a same shi kashi uku ko huɗu, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, sai mai shago ya kalli fuskar mutum da aljihunsa kafin ya san wanda zai miƙo masa. Wanda aka taɓa sayar wa boris ya watse cikin kwana goma ba zai ƙara yarda da kwali ba.

Wannan ra'ayi yana da asali. Bayan kuɗin Udoji a 1975, ma'aikata da yawa sun hau Honda da Yamaha da Suzuki na Japan, da Vespa ta Italiya, har kamfanin Honda ya kafa wurin haɗa babura a Ota ta Jihar Ogun a 1979. Da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, naira ta faɗi, sabon babur da sababbin kayan gyara suka fi ƙarfin talaka, sai aka koma ga na hannu da kayan kwance. A wancan lokaci dabarar tana da ma'ana ƙwarai, domin ƙarfen yana da ƙwari, sabo kuma ko da kuɗi sai an wahala. Daga baya baburan Sin irin su Jincheng suka shigo, 'yan kasuwar Nnewi ta Jihar Anambra suka riƙa kawo su a warwatse suna haɗawa a gida, farashi ya sauko har babur ya shiga kowane ƙauye. Bayansu na Indiya, Bajaj da TVS, suka karɓe aikin haya a wurare da yawa. Yau kayan gyaran waɗannan babura ba su da wuyar samu a Gombe. Matsalar da ta rage ita ce rarrabe gangariya da jabu. Maganin wannan kuwa shi ne mutum ya san shagon da yake saye, ya tafi da bakaniken da ya amince da shi, ya ce a ba shi mai kyau ya biya kuɗinsa. In kuma lalle abin asali yake so, irin kafireta ko kwanon inji ko cibiyar ƙafa, to, ya je wurin 'yan kwance ya sayi wannan abu guda, a gwada shi a gabansa. Wanda ke marmarin tsire ba ya sayen sa.

Mahauci ne ke sayen sa, kuma shi ne yake cin riba, domin yana da mai sayen tsoka, yana da mai sayen kai da ƙafa, da mai kayan ciki, da mai fata, har ƙaho ba ya zubarwa. Haka ɗan kwance da babban bakanike suke. Kullum mutane suna zuwa gare su, wannan tanki yake nema, wancan wili, wancan murfin inji, abin da ya ƙi sayuwa kuma a ɗora shi a sikeli, a ware alminiyon da jan ƙarfen koyil daban tun da sun fi baƙin ƙarfe kuɗi. A wurinsu mataccen babur jari ne. Haka kuma mai babura biyar ko goma iri ɗaya da ya ba da haya, shi ma yana iya morarsa, gama a cikin goma ba a rasa wanda zai fasa tanki ko ya karya wili. Sai kuma dattijon da ke riƙe da tsohuwar Vespa, ko mai tsohon babur irin wanda ake haɗa masa fetur da mai, wanda kayansa suka fara ɓacewa daga shaguna. Shi kam idan ya ga ɗan'uwan nasa ya kwanta, ya saya, ba laifi. Amma ya tabbata irinsu ɗaya ne har ƙirar shekara, domin suna ɗaya a jikin tanki ba ya nufin awo ɗaya a cikin inji.

Yanzu sai maganar takardu, wadda ta fi duk abin da ya gabata nauyi, domin waɗancan hasarar kuɗi ce, wannan kuwa ta shafi mutunci da rai.

Babur a haɗe yana da lamba, yana da launi, yana da tabon da mai shi zai gane ko a tsakiyar Babbar Kasuwa. Da zarar an kwance shi ya zama ƙarfe. A jikinsa duka, inji da gangar jiki ne kaɗai ke ɗauke da lambar da aka rubuta a takarda, sauran ba wanda zai iya rantsuwa a kansu. Ɓarawo ya san wannan fiye da kowa. Hanya mafi sauƙi ta ɓatar da babur ɗin sata ita ce a cire masa wasu kaya, a bar shi ya sha ƙura, a fito da shi da sunan matacce, a ce takardu sun ɓace tun tuni, ai na kwance ne, me za a yi da takarda? Mai saye kuma, da yake araha ta rufe masa ido, sai ya karɓi wannan uzuri. Alhali kuwa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, aka ji an ɗauki ɗan acaɓa haya zuwa bayan gari, aka sassare shi ko aka kashe shi saboda babur. Masu wannan aika-aika ba don su hau suke yi ba, don sun san akwai mai saye ne. Ɗan acaɓar da ya sayi inji ba takarda a yau, ya taimaka wajen buɗe kasuwar da za a kai nasa gobe.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, a sashe na 317 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, ko tara, ko duka biyu, ga wanda ya karɓi kayan sata ko ya riƙe su alhali ya sani, ko yana da dalilin da zai sa ya yi zaton na sata ne. A lura da wannan gaɓa ta ƙarshe. Babur mai lafiyar inji, ba rasit, ba shaida, a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa, dalili ne da ya ishi mai hankali. Ko da kuwa babur ɗin na halal ne, wanda ya ɗauke injinsa ya ɗora a nasa ya jawo wa kansa magana, domin lambar injin ba za ta dace da takardunsa ba, kuma duk ranar da aka tsayar da shi a hanya shi ne zai yi bayani. Ta fuskar addini ma, almajirin da ya kai babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an hana cinikin garari, an hana algus, an hana ɓoye aibin kaya. Sayen inji a rufe bisa maganar dillali kaɗai, cinikin biri a sama ne, mai sayarwar da ya san abin da ke ciki ya yi gum kuwa ya san matsayinsa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yawon da babura suke yi tsakanin jihohi. An hana hawan babur a Maiduguri a 2011, an hana acaɓa a Kano a watan Janairu na 2013, an hana a wasu ƙananan hukumomi shida na Legas daga ran 1 ga Yuni 2022. Duk inda aka yi irin wannan hani, baburan ba sa narkewa, sukan nemi inda ake maraba da su, wasu da takardun wata jiha mai nisa, wasu ba ko ɗaya. A cikin wannan cakuɗa na halal da na haram suke shiga kasuwa tare, kuma mai saye a Nasarawo ba shi da hanyar bin sawun babur ɗin da aka yi wa rajista a ɗaya ƙarshen ƙasa.

Ya kamata masu sana'ar kwance su karanta abin da ya faru a wasu wurare. A 2023 gwamnatin Jihar Borno ta hana sana'ar tsintar ƙarafa, a watan Janairu na 2025 kuma hukumomin Abuja suka rufe kasuwannin fanteka na mako biyu saboda sace-sacen kayan gwamnati. Hukuma idan ta fusata ba ta tsayawa tantance na kirki da na banza, kan mai uwa da wabi take yi, masu neman halalinsu su ne suke kwana da yunwa. Tun kafin a kai ga haka, ƙungiyoyin makanikai da na dillalai da na 'yan acaɓa za su iya buɗe littafi guda a kowace rumfa da ake yanka babur: lambar inji, lambar gangar jiki, sunan mai sayarwa da unguwarsa, shaidu biyu, da sa hannun mai unguwa. Kada a sa sifana a jikin babur sai an cika wannan, kuma 'yan sanda su sami damar duba littafin duk sa'ad da aka kai musu ƙarar sata. Ofishin rajistar ababen hawa na jiha shi ma ya kamata ya sauƙaƙa wa talaka hanyar gyara takarda idan ya canza inji ta halal, da kuɗi kaɗan kuma ba tare da an yi ta aika shi daga tebur zuwa tebur ba, gama wahalar bin ƙa'ida ita ke koya wa mutane tsallake ta. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, watau SON, ita ma tana da aiki a shagunan kayan gyara, domin muddin jabu yana sanye da rigar gangariya, mutane ba za su daina neman tsofaffin kaya ba.

Wanda ya ji duk wannan amma ya ga lalle yana cikin waɗanda cinikin zai amfana, to, ya tafi da bakanikensa, ba wanda dillali ya kawo ba. A taka kik a ji: idan ya sauka salalam ba turjiya, fistin da zobba sun gama aiki, idan ya ƙi motsi sam, inji ya cije. A kwance kusar ƙasa a tsiyaye baƙin mai a farin kwano a fito da shi rana, idan aka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a ciki, kada a biya kuɗin inji, a biya kuɗin kwanonsa. A haska tocila a cikin tanki. A tsaya a gaban babur a dubi ƙafar gaba da ta baya ko suna kan layi ɗaya. A yi ciniki bisa kayan da aka gani da ido aka taɓa da hannu, a rubuta takarda a gaban shaidu, a karɓi rasit na asali da katin shaidar mai sayarwa. Sa'an nan a goge maiƙon da ke kan lambar inji da ta gangar jiki a gwada su da takarda harafi bayan harafi. Idan aka ga wurin ya yi santsi fiye da kewayensa, ko alamar an goga, ko an sake bugawa, a mai da kuɗi aljihu a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa.